Ranar Tarun Gidanmu

Wimalasena ƙanena ne, ni na goye shi. Wimale muke ce masa. Uwarmu tana can tana shanya kifi a kan yashi, ni ina gindin kwakwa da shi a kwankwaso, yana ta zillo wai sai an kai shi wurin ruwa. Bai iya ce mini Akka, wato yaya, ba tukuna, amma ya iya nuna teku da yatsa. Yanzu kansa ya yi fari fat kamar nawa.

Mu gidan taru ne. Wannan lungun tekun namu, daga baƙin dutsen can zuwa bakin rafi, gida uku ne ke jefa taru a cikinsa tun kakanni, kowane gida da ranarsa. Yau mu, gobe gidan Hendrik, jibi ɗaya gidan, a sake zagayowa. Ranar da take taku, yashin naku ne, ruwan naku ne, ko kwandon wani ba ya sauka a wurin sai da yardarku. Sharaɗin guda ne. Gidan da lokacin kifi ya shige bai kai tarunsa ruwa ya dawo da shi tudu ba, ko da sau ɗaya, ranarsa ta faɗi, sauran su ɗauka. Mu dai ba mu taɓa ganin an yi wa wani ba. Ji muke ana faɗa, kamar yadda ake tsorata yara da dodo.

Shi taru ba aikin mutum ɗaya ba ne. Jirgi zai fita da sassafe ya bar bakin igiya ɗaya a tudu, ya yi baka a cikin ruwa yana zuba tarun, ya kawo ɗaya bakin can gefe. Sai maza su kasu biyu, layi nan layi can, su yi ta ja da baya da baya. Wanda ya kai ƙarshe ya naɗe tasa ya ruga gaba ya sake kamawa. Haka tun rana tana ja har ta yi fari. Kuma dole gefen biyu su zo daidai. In ɗaya ya yi sanyi, bakin jakar da kifin ke taruwa a ciki sai ya karkace, kifi ya bi ta nan ya tafi, ruwa kuma ya ja tarun inda ya ga dama. Shi ya sa a wurinmu wanda ya ɗora hannu a igiya ba ya barin layi sai jaka ta hau yashi. Ba wanda ya taɓa zaunar da wani ya faɗa masa wannan. Na ga mutumin da aka zo aka ce masa matarsa tana naƙuda, ya ce to, ya ci gaba da ja. Kuma duk wanda ya ja, ko baƙo ne mai wucewa, yana da kifinsa.

Babanmu ya bar wa Wimale tarun yana saurayi, gashin baki bai gama fito masa ba. Ba shi da surutu. Mai bakin shi ne abokinsa Edin, wani siriri mai haƙori ja saboda taunar ganye, shi ke ba da waƙar ja. Waƙar kuwa zagi ce zalla. Ya ce wane ya ci shinkafar matarsa ya ci ta maƙwabta amma hannunsa kamar na jariri, duk layi su amsa, wanda aka zaga ma ya amsa. Wimale yana cikin ruwa har ƙirji yana duba bakin jaka, ya ɗaga hannun dama a ƙara nan, ya ɗaga na hagu a sassauta can. Shekara da shekaru haka. Ya auri Kusumalata, suka haifi ɗa ɗaya, Lasanta.

Shekarar da teku ya hau tudu, ya tafi da Kusumalata, ya tafi da jirgin, ya tafi da tarun. Ba na son in daɗe a nan. Mun zauna a farfajiyar gidan ibada ƙarƙashin tamfol, mutane suna cewa ba mai sake komawa bakin ruwa. Wimale ya miƙo mini yaron, ya samo zare, shi da Edin suka zauna saƙa. Bai yi kuka a gabana ba. Na ce, "Malli, ƙanena, ka ci abinci." Ya ce, "Akka, in lokaci ya shige ranarmu ta faɗi." Na ce wa yake ta rana a wannan hali. Ya ci gaba da saƙa. Kafin iska ta juya tarun ya shiga ruwa ya fito, guntu ne, rabin na babanmu, amma ya fito da kifi.

Su Turawan nan masu allon hawan raƙuman ruwa, da can muna ganinsu jefi-jefi, can bayan baƙin dutse inda raƙuman ruwa ke tashi kamar gini. Mahaukata muke ce musu. Ba ruwansu da mu, ba ruwanmu da su. Sai wata rana wani ya zo da matarsa, ƙafarta duk ta yayyanke a dutse, tana ɗingishi. Da hannu da 'yan kalmomi ya tambayi Wimale, wai ina wanda bai iya ba zai koya. Wimale ya sare musu kwakwa suka sha, ya kama hannun mutumin ya kai shi bakin ruwanmu. Ya nuna masa ƙasan yashi ne zalla, ba dutse ko ɗaya, ruwan a hankali yake zurfi, raƙuman kuma ƙanana ne, suna zuwa a jere kamar tumaki.

Ai dole ba dutse. Kakanninmu ne suka yi ta nutso suna tsince su da hannu don kada su kama taru. Tulinsu na nan a bayan gidan Hendrik.

Da suka tafi Edin ya tofar da jan yawunsa ya ce, "To, mai gida, saura ka nuna musu inda kake ajiye tabarmarka."

Wimale ya ce, "Mutum biyu ne fa. Me mutum biyu za su rage a teku?"

"Kai da uwar Lasanta ma ku biyu ne da farko."

"Wanda ya tambaye ka ruwa, gaskiya kake faɗa masa. Ko so kake ta je ta fasa kai?"

"Ni ban ce ba. Na dai ce kai wawa ne, kuma ba yau na fara faɗa ba."

Shekara ta zagayo suka dawo da abokai. Abokan suka dawo da nasu. Jikata Dilki, wadda ke aiki a masaukin baƙi, ta karanta mini a wayarta abin da suke rubuta wa juna. Wai in ƙanƙara ta rufe ƙasarsu, wanda yake so ya fara koyon hawan ruwa kada ya je inda gwanaye suke, ya nemi wurin da ruwa ke da ɗumi, ƙasa yashi, raƙuma ƙanana, kuma akwai masu koyarwa. Sai ga sunan lungunmu a sama. Watannin da suka ce a zo kuwa, su ne daidai watannin da teku ke kwanciya, watannin taru. Ni har yau ban gane yadda sanyi zai sa mutum ya hau jirgin sama don ya zo ya hau katako ya faɗo, ya hau ya faɗo ba. Amma sun zo. Da safe in ka duba ruwan, kawuna ne kamar an zubar da buhun kwakwa.

Samarinmu suka bi su. Wa zai tsaya jan igiya hannu yana tsagewa don kifin miya, ga aikin da za ka kwantar da Bature a kan yashi kana ce masa tashi, kwanta, tashi? Suka rina gashi ya koma kalar ɓawon kwakwa. Lasanta ma ya bi, kuma ya iya, har allunan kansa ya tara.

Sauran gida biyun suka gano dabara. Sau ɗaya a shekara su ɗauko maza a mota daga wani gari, a tsoma taru a fito da shi, rana ta tsaya. Sauran ranakun su ba masu allo hayar yashin. Wimale ya ƙi. Shi kamun kifi yake yi da gaske. Ranarmu in ta zo sai ya bi bakin ruwa yana kaɗa hannu a fita, a fita, sai taru ya hau. Masu koyarwa su tsaya da ɗalibansu suna harararsa. Aka daina gaishe shi a shagon shayi. Yaran da ya koya wa ɗaurin igiya suka sa masa suna Mai Teku.

Wata rana a gabana Lasanta ya ce wa ubansa, "Tatta, kana kashe mini kasuwa. Mutane sun taso daga ƙarshen duniya, in ce musu su jira babana ya kama kifin da kwando ɗaya zai ɗauke?"

Wimale ya ce, "Da wannan kwandon aka yi maka ƙashi."

"Na sani. Ka bar ni in riƙe ranar, ni zan kawo maza a tsoma kamar yadda kowa ke yi. Ka huta."

"Taru ba wanki ba ne da za a tsoma a fito da shi."

Lasanta ya dube ni, wai in sa baki. Na ci gaba da kankare kwakwata. Me zan ce? Kowannensu ni na goya.

Mazan da suka rage wa Wimale tsofaffi ne sa'o'insa. Wannan ya mutu, wancan gwiwa ta ƙi, wani 'ya'yansa suka hana shi. Bara waccan abin ya kai maƙura. Ranarmu ta zo, ya sauka bakin ruwa, ya dubi waɗanda suka fito, ya dubi tarun, ya ce a koma gida. Ba su isa gefe ɗaya ba ma balle biyu. Ta sake zagayowa, haka. Wata ya bi wata. Ya je ƙauyukan kusa neman hannu, suka ce sai dai a biya su kafin su taɓa, shi kuma kifi kawai ya san ana biyan igiya da shi, kuma ko ya so ba shi da abin bayarwa. Jikan Hendrik ya fara wucewa ta ƙofarmu yana gaisuwa da ladabin da bai saba ba.

Sabuwar shekara ta matso, iska ta fara wari irin na juyawa. In ta juya teku ya tashi, shi ke nan sai baɗi. Saura mana rana ɗaya tak.

Sai ga Lasanta da yamma, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Ya ce, "Tatta, na yi wa ɗalibaina maganar tarun. Suna so su ja. Suna da yawa, kuma ka gan su, kowanne kamar ɓauna."

Wimale ya ɗago kai. Ya ce, "Sun ce za su kama igiya?"

"Sun ce."

"To."

Ban taɓa ganin Wimale da sauƙin jiki irin na ranar ba. Ya sa na dafa shinkafa da madarar kwakwa tukunya guda, ya je da kansa ya taso Edin, wanda a lokacin tari ya fara cinsa. Da gari ya waye Lasanta ya hana kowa shiga ruwa, shi da bakinsa. Jirgi ya fita ya yi bakansa ya dawo. Turawa suka zo, maza da mata, hanci duk farin shafe-shafe saboda rana, suna ta dariya.

Wimale ya raba mutane yadda babanmu zai raba. Gefen baƙin dutse nan ruwa ya fi ja, nan ake sa ƙarfafa. Sai ya zuba Turawan duka a can tare da Lasanta, tsofaffi kuma a gefen rafi. Ya sa Lasanta ya nuna musu yadda ake kamawa, yadda ake kafa diddige, yadda na ƙarshe ke komawa gaba. Duk an nuna musu. Abu ɗaya ne ba a faɗa ba, kuma ba wanda ya tuna a faɗa. Wa ke gaya wa babban mutum kada ya saki igiya?

Da farko abin gwanin kyau. Suna da ƙarfi kam, har sai da Wimale ya yi ta ɗaga hannu su sassauta tsofaffi su kamo su. Edin ya tsaya a tsakiya ya buɗe murya. Ya ce ga wani ja kamar dafaffiyar ƙaguwa, uwarsa ta aiko shi ya ga yadda maza ke aiki. Turawa suka amsa amshin ba su san me suke cewa ba, mu mata muna bayan layi muna riƙe ciki. Ni kaina na ce a raina, ashe za a yi.

Kuma akwai kifi. Rabon da in ga irinsa tun Lasanta yana ƙarami. Da jaka ta matso, ruwan ya yi baƙi, sannan ya fara tafasa, kifi yana tsalle yana walƙiya, tsuntsaye suka rufe sama. Wimale yana ciki har wuya, hannu biyu a sama, a ja, a ja.

Sai wata doguwa ta saki igiya ta ruga wurin jakarta ta ciro waya. Na kusa da ita ya ga haka shi ma ya saki. Kafin ka ce me, layin ya watse, sun yi bakin ruwa suna ɗaga wayoyi, wasu har cikin ruwan. Ba mugunta ba ce. Murna suke, suna ta nuna wa juna. Su a ganinsu an gama, abin kallo ya zo.

Lasanta ya rage da mutum biyu ko uku. Yana kiransu da yarensu, ba mai ji. Igiyar ta ja shi a gwiwa har bakin ruwa, ta sale masa tafin hannu, ta tafi. Tsofaffi kuwa suna can suna ja da iyakar ƙarfinsu don ba su ga abin da ya faru ba, sai tarun ya juya gaba ɗaya. Kifin ya zube ta gefe kamar an buɗe ƙofa. Ruwa ya ɗauki jakar ya kai ta kan baƙin dutse ya nannaɗe. Muka ji tsofaffi sun zube a ƙasa, igiya ta zo musu ba nauyi.

Abin da aka jawo tudu fukafukan tarun ne kawai, wato gefunansa biyu, da 'yan kifayen da suka maƙale a ido. Jakar tana can. An yi nutso an yi nutso, sai tsumma.

Wimale ya fito daga ruwa. Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya tsuguna ya ciccire kifayen nan, ya bi Turawan ɗaya bayan ɗaya yana ba kowa nasa, tunda sun ja. Suka tsaya riƙe da kifi ta wutsiya ba su san yadda za su yi da shi ba. Doguwar nan tana hawaye. Wani ya lallaɓa ya mayar da nasa ruwa, mataccen kifi.

Lasanta, hannu naɗe da riga, ya ce, "Tatta, sun ce ka yi haƙuri. Ba su sani ba. Sun ce gobe za su dawo su ja har ƙarshe."

Wimale ya ce, "Gobe ta gidan Hendrik ce."

Iska ta juya a makon.

Aka zauna a farfajiyar gidan ibada, manyan gida uku da dattawa. Edin ya miƙe yana tari ya ce taru ya shiga ruwa, taru ya dawo tudu, kowa ya gani, magana ta ƙare.

Jikan Hendrik ya ce, "Kawu Edin, in tela ya kawo maka hannun riga biyu, za ka ce ya kawo riga?"

"In uwarka ce telar zan karɓa in yi godiya. Kai da kake tsoma taru kamar mai wanke ɗan kamfai, kai ne za ka gaya mana taru?"

Aka yi dariya, har da dattawan. Na ga alamar in an bar su da Edin za a ce a bar maganar zuwa baɗi, don ba wanda yake so a ce a zamaninsa aka fara. Sai babban cikinsu ya juya ya ce, "Wimalasena, kai ne mai taru. Ya hau ko bai hau ba?"

Ina bayan mata ina cewa a raina, Malli, ka yi shiru kawai, ka sunkuyar da kai.

Wimale ya ce, "Jaka ba ta hau ba."

Edin ya zauna. Ya ce, "Na gaya muku wawa ne." Muryarsa ba ta fita sosai.

Shi ke nan, ranarmu ta faɗi, gida biyu suka raba. Yanzu Lasanta haya yake biyan gidan Hendrik kafin ya jera allunansa a yashin da kakansa ya tsince. Yana zuwa ya gaida uban, ya ajiye masa magani da ganyen shayi, su zauna ba mai cewa komai. Ba faɗa suke ba. Edin bai kai ƙarshen damina ba.

Da lokacin kifi ya dawo, Wimale ya riƙa hawa bas yana zuwa wani ƙauye can gaba da garin Matara, inda har yanzu ake jan taru, ya shiga layi kamar kowa. Mutumin da a da shi ke ɗaga hannu a ja. Suka sa shi a ƙarshe yana naɗe igiya. Ya ɗan jima yana zuwa, sai mai tarun, yaro ne sa'an Lasanta, ya ce masa cikin ladabi tsoho ya zauna a gida, kada ya faɗi a hannunsu. Ya dawo tun rana ba ta yi tsaka ba, ya rataye rigarsa.

Fukafukan tarun suna rumfar baya tun ranar, ɓeraye sun fara shiga. Shekaranjiya maƙwabciyarmu ta zo, tana jin kunya, wai ko za a sam mata ɗan guntu ta rufe barkononta saboda tsuntsaye. Na buɗe baki zan kore ta, sai ya ce a ba ta. Jiya mai kaji ya zo, shi ma yana son na kewaye. Wimale ya jawo tarun tsakar gida ya shimfiɗa, ya auna da hannu, ya tsuguna ya fara yanka. Ya ɗan yi, ya tsaya, ya gwada bakin wuƙar a babban yatsa.

Ya ce, "Akka, wannan ba ta ci. Miƙo mini taki ta kicin."

Na miƙa masa.